Latas a bokiti: inda ake yawan kuskure

Duk wanda ya shuka latas a bokiti bai fito ba, abin da zai fara cewa shi ne an sayar masa da mataccen iri. Wani lokacin gaskiyarsa ce, don irin da ya shekara cikin zafin shago da wuya ya tsira. Amma galibi matsalar lokaci ce da zurfin shuka.

Latas ɗan sanyi ne. Irinsa ya fi tsirowa idan ɗumin ƙasa na tsakanin digiri 15 da 22. Da ɗumin ya doshi 30 sai irin ya yi kwance abinsa, ko kullum kana ba shi ruwa. Wanda ya shuka a Maris ko Afrilu, lokacin da bazara ke gasa Kaduna, ya yi wa kansa. Dubi masu lambu a bakin Kogin Kaduna: sai ruwa ya ɗauke, hunturu ya kankama, sannan latas ke cika fadama. Nuwamba zuwa Janairu, nan ne kakarsa. In kuwa ka matsu sai ka shuka a lokacin zafi, naɗe irin a jiƙaƙƙen tsumma, ka sa a firji ko gindin randa ya kwana biyu, ka shuka bayan la'asar don ya sha sanyin dare.

Sai zurfi. Hannunmu ya saba da masara da wake, a tona a binne. Irin latas kuwa siriri ne, kuma yana son haske kafin ya tsira. Barbaɗa shi a saman ƙasa mai laima, ka yayyafa 'yar ƙasa kaɗan, ka danna da tafin hannu. Kada ka kwara ruwa da moɗa, zai kwashe irin ya tara shi gefe guda. Huda murfin gorar ruwa da ƙusa ka riƙa yayyafi. Cikin mako guda za ka ga kore.

Jar ƙasar tsakar gida, in aka zuba ta a roba ita kaɗai, daskarewa take kamar bulo. Cakuɗa ta da yashi ko ɓuntun shinkafa da ruɓaɓɓen taki. Na ce ruɓaɓɓe, don ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Bokitin ma a huda gindinsa, zurfin taƙi ɗaya ya wadatar.

Kuskuren da na fi gani shi ne tausayi. Tsiro talatin sun fito a roba ɗaya, gwanin sha'awa, mai su ya kasa cire ko guda. Bayan mako uku duk sun yi zalau-zalau, suna faɗuwa kan juna, babu wanda ya yi kai. Da sun yi ganye uku ko huɗu, a rage su. Ko ƙananan nau'i irin Little Gem da Tom Thumb, waɗanda suka dace da ƙaramin wuri, suna bukatar tazarar santimita 15 zuwa 20. Ke nan bokitin fenti ba zai ɗauki fiye da biyu ko uku ba. Waɗanda ka cire ba asara ba ne, a dasa su wata robar da yamma, ko a wanke a zuba kan shinkafa da wake.

Uwargida ta ce latas ɗin ya yi ɗaci? Duba inda ka ajiye shi. Baƙar roba a kan siminti, rana ta kwalle a kanta, dafa saiwa take yi. Daga nan sai ya miƙe kara zai yi fure, ganyen ya yi tauri da farin ruwa mai ɗaci. In ya kai haka ba gyara, tuge shi. A ba shi hantsi, ya samu inuwa daga azahar. Iskar hunturu kuma na busar da roba da wuri, don haka luma yatsa a ƙasar safe da yamma kafin ka ce ta ƙoshi.

Ƙadangaru da kaji ba sa raga wa tsiro. Tsohon gidan sauro ya ishe su. Ruwan wanki ko na kwata kuwa kada ya kusance shi, tunda ɗanye ake ci.

Ba sai ka tumɓuke shi gaba ɗaya ba. Daga mako na biyar ka riƙa tsinkar ganyen waje da sassafe, ka bar tsakiyar ta ci gaba da tofo, kana kuma shuka sabuwar roba duk bayan mako biyu har sanyi ya wuce.