Kurakuran da Masu Motar Turbo Ke Yi Wajen Sauya Manhajar Inji

Kamfanin da ya ƙera motarka bai saki duk ƙarfin injinta ba. Da gangan ya bar rara, saboda zafin rana da fetur mara kyau da direban da ke jinkirin juye baƙin mai. Wannan rarar mai sauya manhajar kwamfutar inji, wato ECU, yake ci: ya ƙara matsin iskar turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), ya ƙara mai, ya matso da lokacin tartsatsin fulogi gaba. Ƙarfi na ƙaruwa, babu musu. Sai dai daga nan duk kuskuren da ka yi, babu abin da zai rufa maka asiri.

Wanda ya fi kashe inji shi ne kuskuren fetur. Kowace manhaja da lambar oktan ɗin da aka rubuta ta dominta, wato lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba. Mutum ya sayi ta oktan 98, alhali 91 yake samu a famfo. Sai inji ya fara ƙwanƙwasa, wato ragowar man da ke cikin silinda ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta riske shi. Na'urar da ke jin wannan ƙara za ta sa kwamfuta ta ja lokacin tartsatsi baya, ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi. In abin ya fi ƙarfinta, fistin ya tsage. Ma'aunin oktan ɗin kansa yana ruɗa mutane, domin iri biyu ne: AKI da RON. A Amurka da Kanada AKI ake rubutawa a famfo, a Turai da akasarin duniya RON, kuma 93 na Amurka kusan 98 ne a RON. Ka tambayi mai manhajar wanne yake nufi, sannan ka zaɓi wadda za ta jure mafi raunin fetur da kake zubawa, ko da ƙarfinta bai kai na sauran ba.

Akwai kuma masu ɗora manhaja a kan mota mara lafiya, suna fata ta warke. Tsohon fulogi da ke aiki lami lafiya jiya zai fara ɗauke wuta da zarar matsi ya ƙaru, tiyon iska mai ƙaramar ɓula kuma ya sa turbo ta riƙa wahalar banza. A fara da sabis, a jona na'ura a kafar OBD (soket ɗin binciken kwamfutar mota) a karanta lambobin matsala, a auna matsin silinda. In famfon mai ya fara gajiya, a canza shi tukuna.

Lambar ƙarfin doki da ke jikin talla ita ce ke jan hankali, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani. Wani a inji yake aunawa, wani a taya, tsakaninsu kuwa akwai asarar da giya ke ci. “Mataki na 1” da “mataki na 2” da ake kiran manhajojin da su ma ba wata hukuma ce ta tsara su ba, kowane kamfani da abin da yake nufi. Abin dubawa shi ne ƙarfin murɗa, domin shi ne ke sa kuloci santsi, shi ne ke galabaitar da giyabos. In mai motar atomatik ne kai, tambayi ko giyar ma tana bukatar tata manhajar. Intakula kuma, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo, in ƙarama ce, takun totur biyu ko uku a jere cikin zafi sun isa ta cika da ɗumi, ƙarfin ya zube.

Kada ka yarda a goge manhajar asali ba tare da an ajiye maka kwafinta ba. Amma kada ka ɗauka mayar da ita yana ɓoye sawu: dilolin Volkswagen da Audi suna da alamar TD1 da ke hawa kan motar da aka gano an taɓa, kuma hakan na iya jawo a ƙi gyaran inji a ƙarƙashin garanti. Kamfanin inshora ma a sanar da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake ɗora manhaja a kama hanya ba a duba komai ba. Mai aikin kirki zai nemi bayanan tafiya: a hau na'urar gwajin ƙarfi, a sa giya ta uku ko ta huɗu, a take totur tun daga juyin inji 2,000 a minti har kusa da jan layin agogon juyi. Daga nan a kwatanta matsin da kwamfuta ta nema da wanda turbo ta bayar, a ga ko mai yana isa, a ga digiri nawa ake jan lokacin tartsatsi baya a kowace silinda. In ka ambaci wannan gwaji mai manhaja ya ce ba sai an yi ba, ɗauki makullinka ka nemi wani.