Yadda Ake Karanta Tsofaffin Zanen Yarjejeniyar Sulhu

Kafin zuwan kyamara, mutanen Turai sukan ga taron sulhu ne a zanen da aka sassaƙa a farantin jan ƙarfe, aka shafa masa tawada, aka buga a takarda. Mai son amfani da irin wannan zane ya fara da karanta ƙananan kalmomin Latin da ke ƙasansa, domin "pinxit" tana bin sunan wanda ya zana hoton asali, "sculpsit" tana bin na masassaƙin, "excudit" kuwa na wanda ya wallafa.

Daga nan sai ya gwada shekarar bugun da ta taron. Zanen Jean-Baptiste Isabey na taron sulhun ƙasashen Turai a Viyana, wanda aka kammala a 1815, sai a 1819 Jean Godefroy ya fitar da bugunsa, kuma zanen ya tara manyan wakilai irin su Metternich na Ostiriya da Talleyrand na Faransa a ɗaki guda, alhali mafi yawan shawarwarin an yi su ne a ƙananan kwamitoci da ganawar sirri. Wellington, wakilin Birtaniya, wanda bai iso ba sai a Fabrairun 1815, yana tsaye can gefen hagu kamar baƙon da ya shigo yanzu.

Hannuwa sun fi fuskoki bayani, kuma nan ya kamata a daɗe. A zanen Gerard ter Borch na rantsuwar sulhun birnin Munsta tsakanin Sifen da Holand, ranar 15 ga Mayu 1648, wanda Jonas Suyderhoef ya sassaƙa, wakilan Holand sun ɗaga yatsu biyu sama, na Sifen kuwa sun ɗora hannu a kan Linjila da gicciye, wato kowane ɓangare ya rantse bisa ɗarikarsa. Mai zanen ya nuna su suna rantsuwa lokaci guda ko da yake bi da bi aka yi, ya kuma jera su suna fuskantar mai kallo don a shaida kowa, har shi kansa bai manta ya cusa tasa fuskar a gefe ba.

Sannan a tambayi wanda ba ya cikin hoton. A zanen taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda aka tattauna har zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Neja, ga babbar taswirar Afirka a bango, amma babu wakilin wata masarautar Afirka ko ɗaya a kujerun.