Yadda za ka ɗauki hoton hawan sallah da waya ko ƙaramar kyamara

Duk shekara bayan sallah sai ka ga Facebook da Instagram sun cika da hotunan hawa, rabi kan doki ne a yanke, rabi ƙeyar mutane ce da hannuwa a sama kowa riƙe da waya, sauran kuma ƙura ce kawai ba ka ganin komai. Sannan mai hoton ya ce ai wayarsa ce ba ta da kyau. Wallahi yawanci ba laifin waya ba ne, inda mutum ya tsaya ne da lokacin da ya danna. Ni ba sana'ata ba ce hoto, sha'awa ce kawai nake yi idan na tashi daga aiki ko ranar hutu, kuma ga masu irin wannan sha'awar nake rubutu, masu waya ko wata tsohuwar Canon ko Nikon da aka saya ta hannu.

Farko dai ka san wane hawa za ka je, don hasken kowanne daban. A Kano ranar sallah da safe ne sarki ke dawowa daga filin idi na Ƙofar Mata a kan doki, washegari hawan Daushe da yamma, wanda ake zuwa Babban Ɗaki, gidan mahaifiyar sarki, a dawo Ƙofar Kudu ta fada a yi jahi, sai hawan Nassarawa da safe, sannan hawan Ɗorayi ko na Fanisau. Zazzau da Katsina suna da hawan Bariki, Daura tana da hawan Magajiya. In dai hoto kake so, na yamma ya fi, saboda bayan la'asar rana ta yi sanyi, haske ya koma ja-ja yana zuwa daga gefe, kwalliyar doki da zanen alkyabba duk su fito. Hawan safe kuwa kafin ka ankara rana ta zo tsakiyar ka, inuwar rawani ta rufe fuskar mahayi gaba ɗaya sai ka ga baƙi kawai a wajen ido. Kuma ka saurari sanarwa kafin ka kama hanya, don a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan Kano, kar ka sha mota tun daga wani gari ka tarar ba a yi.

Kar ranar hawa ta zama ranar da za ka fara koyon ɗaukar doki. Kwanaki kafin sallah mahaya suna fitowa kilisa da yamma, akwai hawan angwanci, akwai filin sukuwa da na folo, je can ka gwada hannunka inda ba cunkoso ba mai ture ka. Doki ba ya jiran kowa, in ba ka saba bin sa da kyamara ba, kafin ka gama neman maɓalli ya wuce.

To maganar wurin tsayawa, wannan ita ce rabin aikin ko ma fiye. Ka je da wuri, tun bayan azahar in na yamma ne, ka zaga ka duba ta ina dawakai za su fito ta ina za su juya. Kwana ta fi miƙaƙƙiyar hanya, saboda a kwana dawakai suna rage gudu kuma suna fuskanto ka, sai ka samu fuskar doki da ta mahayi a tare maimakon gefe kawai. Sannan ka ɗaga kai ka dubi rana. In ka ba ta baya, launuka za su fito tas, ja da koren kayan dogarai, shuɗi, ruwan ɗorawa, komai a wanke. In kuma ka fuskance ta, launi zai ragu amma ƙurar da kofato ke tayarwa za ta kama haske ta zama kamar hayaƙin turaren wuta a bayan dawakai, kuma ni a ganina irin wannan hoton ya fi daɗin kallo nesa ba kusa ba, sai dai yana da wuya, goma za su lalace kafin ɗaya ya yi. Mai koyo ya fara da ba rana baya, in ya tara na ajiyewa sai ya tsallaka ɗaya gefen ya gwada.

Ka kuma dubi abin da ke bayan dawakan. Mutane da yawa ba sa kula da wannan sai sun koma gida su ga falwayar wuta ta fito daga kan hakimi, ko allon tallan siyasa ya cinye rabin hoton. Katangar fada, tsohuwar ƙofar gari, soro mai zanko, ko ma taron jama'a kawai, duk sun fi. Matsawa taku uku zuwa hagu ko dama yakan gyara wannan. In ka samu wani tudu ko baranda ko saman shago da izinin mai shi, alhamdu lillahi, daga sama ne ake ganin tsawon ayari. Amma kar ka zauna a sama har a tashi, ka sauko ka durƙusa ƙasa-ƙasa ka ɗauka daga nan, doki yana ƙara girma da kwarjini idan kyamara tana ƙasa da ƙirjinsa.

Yanzu setin. Mai kyamara ya juya ta zuwa S in Nikon ce ko Sony, Tv in Canon ce, wato kai ke zaɓar saurin ɗauka ita kuma ta daidaita sauran. Dokin da ke tafiya a hankali cikin ayari saurin 1/500 na daƙiƙa ya ishe shi. Lokacin jahi da sukuwa ka kai 1/1000 ko sama, in ba haka ba ƙafafu da jela za su fito a dame. ISO, wato yadda kyamara ke jin haske, ka bar shi 100 zuwa 400 muddin da rana, amma ka tuna tawagar sarki ita ke zuwa a ƙarshe, lokacin har an doshi magariba haske ya fara tafiya, to a nan kar ka ji tsoron kai shi 1600, gara hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da hoton da ya girgiza. Fokas ka sa shi a wanda ke bin abu mai motsi, AF-C ake rubutawa a Nikon da Sony, AI Servo a Canon, ka kuma kunna ɗauka a jere yadda in ka danne maɓalli za ta yi ta harbawa. Gilashin kyamara kuwa, in kana da mai jawo nesa irin 55-250 ko 70-300 shi za ka ɗaura tun daga gida, in 18-55 ɗin da ta zo da shi ne kawai ba komai, sai ka mai da hankali kan faffaɗan hoto da abin da ke kusa da kai.

Akwai wata dabara da nake so ƙwarai, ka sauke saurin zuwa 1/60 ko 1/30, ka riƙa bin dokin da kyamara daidai da gudunsa kana juya ƙugu ba hannu kaɗai ba, ka danna kana cikin juyawar kar ka tsaya, sai mahayin ya fito sarai bayansa kuma ya zama layi-layin launi a dame, mai kallo ya ji gudun a jikinsa. Wannan a kilisa ake koyonta, ba a gaban sarki ba.

Mai waya shi ma yana da abin yi. Goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi kafin komai, maiƙon hannu shi ke sa hoto ya yi hazo-hazo. Kar ka ja zum da yatsu har ƙarshe, wannan yanka hoton kawai yake yi yana buɗa shi, ka tsaya a 1x ko 2x ko 3x ɗin da wayar ta nuna maka, sauran ka yanke a gida. Yawancin wayoyin Android suna da wajen da aka rubuta Pro, a ciki za ka iya sa sauri da ISO da kanka irin yadda na faɗa a sama. Ɗauka a jere kuma, a iPhone na yanzu jan maɓallin ake yi zuwa hagu a riƙe, a Samsung a ja shi ƙasa. Ka yi amfani da shi lokacin jahi kawai, in ba haka ba memori zai cika tun kafin manyan hakimai su iso.

Wani abu da ke ɓata hotunan hawa sosai shi ne farin kaya. Farin rawani, farar babbar riga, farin doki, ga kuma fatarmu baƙa, kyamara sai ta rikice, ko ta ƙone farin ya zama fili ba ɗinki ba aiki, ko ta duhunta fuska. Ni abin da nake yi, ina rage haske kaɗan, wajen -0.3 zuwa -0.7, don aikin zaren da ke jikin riga ya tsira, daga baya in ɗago fuskar wajen gyara. A waya ka taɓa fuskar mahayi a sikirin sai ka ja alamar ranar nan ƙasa kaɗan. Farin da ya ƙone ba ya dawowa, duhu kuwa ana iya ceto shi, musamman in da RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba. Sai dai RAW yana cin wuri, hoto ɗaya a kyamara mai megafiksel 24 yakan kai wajen MB 25, don haka ka zo da kati mai GB 64 ko biyu ƙanana, ka kwashe abin da ke ciki tun daren sallah.

Filas kuwa kashe shi. Da rana ba ya ƙara maka komai daga nesa, kuma doki yana iya firgita, ga jama'a maƙil ga yara. Haka nan in 'yan bindiga suka zo wucewa ka shirya, ƙarar tana sa hannu ya zabura, ka manne gwiwar hannunka a jiki ka jira hayaƙin, hoton yana cikin daƙiƙar da ta biyo bayan harbin. Kuma dan Allah kar ka shiga hanyar doki saboda hoto. In dogari ko ɗan sanda ya ce matsa, ka matsa ba musu, sun fi ka sanin abin da ke tahowa. Mai ido a cikin kyamara ba ya ganin gefensa, shi ya sa yana da kyau ku je ku biyu, ɗaya na ɗauka ɗaya na duba hanya yana riƙe da jaka, don 'yan sane ma ranar suna bakin aiki.

Ƙura da zafi su ne abokan gabar kayanka. Kar ka canza gilashi a tsakiyar fili, ƙura na shiga ciki ta zauna sai ka riƙa ganin ɗigo-ɗigo a sararin sama a kowane hoto har sai an kai an wanke. Ka riƙe ɗan ƙyalle ka rufe kyamara in ba ɗauka kake ba. Sallah tana matsowa baya da wajen kwana 11 duk shekara, yanzu ƙaramar sallah tana faɗowa cikin zafin bazara, babbar kuma wajen farkon damina, to waya tana zafi har ta ƙi buɗe kyamara in ka bar ta a rana ko kana ta bidiyo ba hutu, ka riƙa sa ta a inuwa, ka kashe data, ka zo da fawa bank da ruwan sha, da leda ko da hadari zai taso.

Abin da ya fi damuna dai shi ne kowa sarki yake jira, laima da figini da tagwayen masu, kuma gaskiya abin kallo ne, amma wannan hoton mutum dubu ne za su ɗauke shi a lokaci guda kuma masu katin izini da ke ciki sun fi ka kusa. Naka rabon yana gefe. Mai algaita da kumatunsa a kumbure, masu kakaki sun ɗaga shi sama a tare, 'yan lifida da 'yan sulke, zagin da ke tafe a ƙasa gumi na zuba, ƙaramin yaro da aka naɗa wa rawani aka ɗora a doki yana ƙoƙarin riƙe linzami, yarinya da lallenta a kafaɗar babanta tana leƙe, tsohon da ke gyara jalala da likkafa kafin a hau. Je unguwa da rana kafin a fito, ƙofar gidan da ake ɗaura wa dawakai kaya, a nan za ka samu abin da ba kowa ke da shi ba kuma a natse. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu, kuma waɗannan mutanen na gefe su ne ke ɗauke da al'adar, ya kamata a ce akwai hotunansu masu kyau a ajiye.

Sai dai a nan ladabi ya shigo. Mahayi a cikin ayari ya fito ne don a gan shi, ba matsala. Amma 'yan kallo, musamman mata da 'yan mata, ka yi sallama ka tambaya, "Hajiya in ɗauka?", "Baba ko zan iya ɗaukar ku da jikan?", in an ce a'a ka sauke kyamara ka yi godiya ka wuce. Yara ka nemi babban da ke tare da su. In ka ɗauka ka juyo sikirin ka nuna musu, sau da yawa daga nan ne ma za su saki jiki ka samu na biyu wanda ya fi na farko. Kuma ba duk abin da ka ɗauka ne na sakawa a intanet ba, wanda ya faɗo daga doki ko rawaninsa ya warware, bar shi a cikin katinka ko ka goge.

In ka dawo gida kar ka zuba hoto ɗari biyu a Facebook a daren. Ka kwafe su a kwamfuta ko Google Photos tukuna, ka kwana, da safe ka zaɓi goma ko sha biyar. Snapseed da Lightroom na waya sun isa gyara, ka daidaita hoton in ya karkace, ka rage farin da ya yi yawa, ka ɗago inuwa kaɗan, launi kuwa ka bar shi yadda yake, kayan hawa ba sa buƙatar ƙari, in ka cika shi jan dogarai sai ya koma wani abu daban kuma fatar mutane ta yi ruwan lemo. Wajen yankewa ka bar fili a gaban doki ta inda ya dosa, kar ka yanke kofato ko kan mashi. Wanda ka karɓi lambarsa a fili ka cika alkawari ka tura masa, kuma a WhatsApp ka tura a matsayin dokumen ba ta hanyar hoto ba, don kar ya matse shi, ta yadda in ya kai situdiyo a wanke masa babba zai fito da kyau. Biyu ko uku da suka fi burge ka kai ma ka kai a wanke, ka rubuta shekara da sunan hawan a bayansu.