Yadda na gyara hotunan da ke kwantawa a shafina

Kwana biyu na yi ina fama da manhajar da ke jera hotuna a shafina. Duk hoton da na ɗauka a tsaye da waya, in na ɗora sai ya fito a kwance, mutum kai a gefe kamar mai gyangyaɗi. A wayar kuwa lafiya lau.

Har cire manhajar na yi na sake sakawa. A banza.

Ashe laifina ne. Waya takan bar hoton yadda yake, sai ta ajiye wata lamba cikin bayanan EXIF (bayanan da waya ke ɓoyewa a cikin fayil ɗin hoto, kamar lokaci da wurin da aka ɗauke shi), daga 1 zuwa 8, mai faɗin yadda za a nuna shi. In 6 ce, a juya shi digiri 90 zuwa dama. Ni kuma, don ɓoye wurin da aka ɗauki hoto, nakan goge bayanan da umarnin -strip na ImageMagick, wata manhajar sarrafa hotuna, kafin ɗorawa. Har da lambar nake sharewa!

Sai na sa -auto-orient, umarnin da ke juya hoton bisa wannan lambar, a gaba, -strip ya biyo baya. Na sake ɗorawa daga hotunan asali, da yake Allah Ya sa ban goge su ba. Nan take kowa ya miƙe tsaye.