Darasi na 6: Ƙasa mai guba da noman kokwamba

Jama'a sannunku da aiki. A buɗe littafi, a sa yatsa kan layi, mu tafi a hankali.

Akwai ƙarfe mai guba da ke ɓuya cikin ƙasa ido ba ya ganinsa, sunaye biyu za mu riƙe: dalma da kadmiyom. Suna fitowa daga tsohon batir, tsohon fenti, baƙin mai na gareji, da ruwan datti irin wanda ke gangarowa Guntu Yena nan Yamai. Kashin awaki yana ruɓewa ya zama taki, dalma kam ba ta ruɓewa ko shekara nawa ta yi. Ita ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

In kokwamba ta sha su saiwa ce ke fara wahala, ta gajarce ta yi duhu, yaɗo ya tsaya, sabon ganye ya yi ɗorawa, sai mai garka ya ce yunwa ce ya ƙara takin zamani, kuɗi sun tafi shuka na nan yadda take. Tumɓuke guda ka duba. Mai lafiya saiwarta fara ce.

To ga aikin. An kawo maka takin juji cikin amalanke, kar ka zuba a fangali tukuna. Baza shi gefe. Tsince batir. Kowane iri, na tocila, na rediyo, na waya, har wanda ya fashe ya yi baƙi, kwashe shi da ƙasar da ke jikinsa, da shebur ba da hannu ba. Juya takin ka sake tsincewa. Ka gaji? Ba komai baba, sha ruwa ka sake dubawa, kowa da haka ya koya. Tsincewa kafin zubawa, a faɗa tare. Inna ke ma ki faɗa.

Amma fa wasunku kullum sai sun zuba sannan su tuna, haba jama'a, wanda ya ce wuta ta cinye ai bai ji darasi ba, ƙona juji ba ya kashe ƙarfe, cikin toka yake zama. A tsince!

Darasi na 7

Wanke kokwamba yana cire ƙura, ba ya cire abin da ya shiga cikinta. In kana shakkar ƙasarka kai samfurinta INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a auna.

Darasi na 8

A maimaita na 6.