Nisan da ya dace ka yi don sayen tirelar kwana a Amurka: kurakuran da aka fi yi

Tirelar kwana ita ce ɗakin nan mai tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota, ciki da gado da kicin da banɗaki, iyali su ja shi zuwa wurin hutu su kwana a ciki. Kasuwarta babba ce a Amurka da Kanada, kuma duk wanda ya fara neman saye zai ci karo da abu guda: ga irin wadda yake so a wajen dilan garinsu da tsada, ga ta kuma a wata jiha mai nisan mil 800 ko 1,000 da ragin dala dubu biyar ko shida. A tafi ko a haƙura? Masu saye da yawa farashin kawai suke dubawa su yanke hukunci, alhali abin da ke raba gardama shi ne wanda zai gyara maka ita bayan ka kawo ta gida.

Bambancin farashin yana da dalili. Mafi yawan tirelolin nan a arewacin jihar Indiana ake ƙera su, a gundumar Elkhart da kewayenta: Forest River a Elkhart, Keystone a Goshen, Jayco da Grand Design a Middlebury. Direbobin kwangila ne ke jan kowace ɗaya daga masana'anta zuwa filin dila, kuma da mil ake lissafa musu kuɗi. Dilan Kalifoniya, mai nisan fiye da mil 2,000, dole ya ɗora wannan kuɗin a kan mai saye. Dilan Indiana ko Michigan ko Ohio kuwa kusan a ƙofar gida yake karɓar kaya. To ragin na gaskiya ne, sai dai wani ɓangarensa kuɗin jigila ne da za ka biya da man motarka da kwanakinka.

Kuskuren lissafi

Abu na farko, mutane suna kwatanta farashin talla da farashin talla. Farashin da ke intanet sau da yawa bai haɗa da kuɗin jigila daga masana'anta ba, da kuɗin shirya tirelar kafin miƙa ta, da kuɗin takardu. Wani dilan ma sai ka ci bashi ta hannunsa zai ba ka farashin da ya tallata. Maganin wannan mai sauƙi ne: kafin ka sa ƙafa a hanya, kowane dila ya aiko maka da jimillar abin da za ka biya ka fita da kaya, a rubuce, da lambar VIN ta ainihin tirelar, wato lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17. Dilan da ya ce sai ka zo tukuna za a yi magana, ka bar shi da kayansa.

Sai kuɗin tafiyar. Mu ɗauka nisan mil 1,000 ne, kilomita 1,600 ke nan. A-kori-kurarka ba kaya tana yin mil 20 da galan ɗaya, zuwa zai ci galan 50. Da tirela a baya shan mai yakan ninka, mil 10 a galan, dawowa galan 100. Idan galan dala 3.50 ne, mai kaɗai dala 525. Kwana biyu a otel, kwana biyu a sansanin zango, abincin kwana biyar, da kuɗin hanyoyin da ake biya, waɗanda yawan aksil, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyi, ke ƙara musu kuɗi, za ka tarar ka doshi dala 1,200, ba a sa kwanakin aikin da ka rasa ba. In ragin dala 2,000 ne, wahalar ba ta biya ba. In ya kai 6,000, akwai abin dubawa.

Haraji ma yana ruɗar mutane. Jihohi irin su Oregon da Montana da Delaware da New Hampshire ba sa karɓar harajin saye, sai mutum ya ɗauka in ya sayo can ya tsira. Ranar da ya je yin rajista a jihar da yake zaune za a karɓi harajin a hannunsa. Akasin haka ma yana faruwa: wata jihar dila zai cire harajinta a wurin saye, kuma sai da rasit za a rage maka a gida. Kira ɗaya zuwa ofishin rajistar motoci na jiharka zai warware wannan, har da batun lambar wucin gadi da za ka dawo da ita.

Garanti, inda araha ke komawa tsada

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cizo, kuma dalilinsa mutane suna auna tirela da ma'aunin mota. Sabuwar mota in ta sami matsala, kowane dilan kamfanin zai karɓe ta. A harkar tirela ba haka abin yake tafiya ba. Dila yakan sa waɗanda suka saya a hannunsa a gaban layi, wanda ya sayo a wani wuri ya jira, wani lokacin ma a ce masa babu gurbi sam. Ba mugunta ce kawai ba: aikin garanti sai masana'anta ta amince kafin a fara, kuɗin da take biya bai kai na aikin da mai kaya ke biya daga aljihunsa ba, ga ƙarancin makanikai, musamman daga bazara zuwa ƙarshen lokacin zafi da kowa ke son fita.

Kuma sabuwar tirela kusan dole ta nuna wani aibi a shekarar farko. Gida ne na katako da almini da bututun roba, an harhaɗa shi da sauri, sannan ana girgiza shi a kan titi. Ƙofar kabad ta saki, mahaɗin bututu a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya fara ɗiga, ɓangaren ɗakin da ke zamewa waje ya karkace, danƙon rufi ya tsage. Garantin yawancin kamfanoni shekara ɗaya ne, wasu biyu. In tirelar ta yi wata uku a ajiye tana jiran layi da kayan gyara, wata ukun nan daga cikin garantinka aka cire su. A jihohi da yawa kuma dokar da ke tilasta wa kamfani karɓar sabuwar mota mai yawan lalacewa ba ta shafi tirelar da ake ja ba.

Gyaran wannan kafin saye ake yin sa. Kira sashen gyara na dilolin da ke kusa da kai masu sayar da irin wannan tambarin, ba sashen ciniki ba, ka tambaye su kai tsaye: kuna yin aikin garanti a kan tirelar da aka sayo a wani wuri, kuma sati nawa ake jira? Sannan ka kira masana'antar ka ji ko tana yarda makaniki mai zuwa gida ya yi aikin ta biya shi. Wasu suna yarda in an nemi izini tun farko, amma kuɗin zuwan makanikin yawanci a kanka yake. Firij da na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar ruwan zafi da aksil suna da nasu garantin daga kamfanonin da suka ƙera su, irin su Dometic da Lippert da Dexter, don haka waɗannan ba su ɗaure ka da dila ɗaya ba.

A ganinmu, wanda bai iya riƙe sukurdireba ba kuma wannan ce tirelarsa ta farko, kada ya wuce nisan da zai je ya dawo a yini ɗaya da tirela a baya, kamar mil 150 zuwa 200. Wanda zai iya ɗaure bututu da shafa danƙo da kansa, shi ne zai ci ribar tafiya Indiana. Akwai kuma hanya ta tsakiya da ake mantawa: ka kai wa dilan garinku rubutaccen farashin na nesa, ka ce ya matso. Ba lallai ya kamo shi ba, amma in saura dala 1,500 tsakaninsu, na gida ya fi.

Ta hannu: tafiya kan hoto

A tsohuwar tirela lissafin ya juya. Garanti ya ƙare, dila ba shi da wani tasiri, lafiyar kayan ita ce komai, kuma mai kyau ta cancanci tafiyar mil 500. Kuskuren shi ne tashi saboda hotuna. Hoto ba ya nuna ruwa, ruwa kuwa shi ke kashe tirela. Yana shiga ta tsagar danƙo a rufi, ko gefen taga, ko kusurwar gaba, ya ruɓar da katakon cikin bango shekara da shekaru ba a gani ba. Alamominsa su ne ƙasa mai laushi a bakin ƙofa da gaban banɗaki, bangon waje da ya kumbura kamar bororo, tabo mai ruwan ƙasa a cikin kabad ɗin sama, da warin rima.

Kafin ka tafi, mai kayan ya zagaya da kai ta kiran bidiyo: ya hau rufi, ya taka ƙasa kusurwa-kusurwa, ya buɗe kowane kabad, ya leƙa ƙarƙashi. Ya nuna maka takardar mallaka da sunansa a kai, lambar VIN ɗinta ta dace da wadda ke jikin ƙarfen gaba. In akwai bashin banki a kanta, a bankin za a rufe ciniki. Da wannan lambar za ka duba shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, ka ga ko masana'anta ta yi kiranyen gyara da ba a yi ba. In kuɗin da yawa, ɗauki mai bincike mai zaman kansa a garin, ƙungiyar masu binciken irin waɗannan tireloli, NRVIA, tana da jerin waɗanda ta ba shaida. Zai zo da na'urar auna danshi, ya gwada gas da lantarki da ruwa, ya aiko maka da rahoto. 'Yan ɗaruruwan dalolin da zai karɓa ba su kai asarar sayen ruɓaɓɓiyar tirela ba. Kafin alƙalami kuwa, kada ka tura wa wanda ya ƙi kiran bidiyo, ko mai cewa yana aikin soja a wani wuri za a aiko maka da kaya. Tsohuwar damfara ce.

Yankin da tirelar ta zauna ma labari ne. Ta jihohin ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, duba tsatsa a firam, ka kuma tambayi ko ana zubar da ruwan bututu kafin sanyi, don ruwan da ya daskare yana fasa bututu da tukunyar ruwan zafi. Ta Arizona ba ta cika tsatsa ba, amma rana ta gasa rufin roba da danƙo da tayoyi. Ta gaɓar Florida da Louisiana da Texas, a tabbatar ambaliyar guguwa ba ta taɓa shanye ta ba.

Akwai wani tarko da nisa ke haifarwa. Wanda ya yi tuƙin awa goma sha biyu ba ya son komawa ba kaya, sai ya ga aibi ya kau da kai, mai sayarwa kuma ya san haka. Ka rubuta abubuwan da in ka gan su ka fasa, tun kana gida, ka riƙe takardar.

Zuwa da motar da ba ta shirya ba

Nauyin da ake tallatawa na tirela ce babu komai a ciki. Wanda za ka yi aiki da shi shi ne GVWR, iyakar nauyinta da kaya, yana rubuce a jikinta ta gefen hagu wajen gaba. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela a kan mahaɗin bayan motarka yake sauka. Tirela mai laba 7,000, kusan kilo 3,200, za ta ɗora wa motar laba 700 zuwa fiye da 1,000. Buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke nuna iyakar kayan da motar za ta ɗauka, ka cire wannan nauyin, ka cire na mahaɗin kansa, ka cire na iyali da kayansu. A nan motoci da yawa ke faɗuwa, ko da ƙarfin jansu a takarda ya isa.

Sai kayan haɗi. Ƙwallon mahaɗi inci 2 ne ko inci 2 da 5/16, ka tambaya kafin ka taso, don ƙarami a babban rami yana iya zamewa a hanya. Ana bukatar soket mai baki 7 da na'urar sarrafa birkin tirela a cikin mota, da mahaɗi mai rarraba nauyi in tirelar ta yi girma, da madubai masu faɗi. In motar sabuwa ce, littafinta zai ce kada a ja kaya sai ta yi mil 500, wasu 1,000. Inshora kuma ta fara aiki tun ranar da za ka ɗauko.

Ranar karɓa da hanyar dawowa

Wanda ya zo daga nesa yakan sa hannu da hanzari don ya kama hanya kafin dare, kuma daga nan ya rasa ƙarfinsa. Ware awa uku ko huɗu na dubawa kafin sa hannu. A kunna firij tun daren jiya, don mai aiki da gas yana ɗaukar awanni kafin ya yi sanyi. A cika tankin ruwa, a kunna famfo, a buɗe kowane kan famfo, ka sa hannu a ƙarƙashi ka ji ko akwai laima. A gwada murhu da na'urar ɗumama ɗaki da ta sanyi, a zame ɗaki waje da ciki sau biyu ko uku. Abin da ya ƙi aiki a gyara shi kafin kuɗi su fita. Ka sa ranar karɓa a farkon mako, sannan ka kwana ɗaya ko biyu a sansanin da ke kusa da dilan kana amfani da komai, don abin da ya ɓuya ya fito tun kana mil 10 da su.

Tayoyin tsohuwar tirela ba a auna su da zane, da shekaru ake auna su. Alƙaluma huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin taya su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In sun wuce shekara biyar ko shida, sauya su a garin kafin ka hau babbar hanya, a kuma sa wa boris sabon giris. Notocin taya a sake ɗaure su bayan mil 10, da 25, da 50. Duba ko akwai safaya da jak da ya dace, don tirela da yawa ba sa zuwa da jak.

Tsara dawowa a kan mil 300 zuwa 350 a yini. Tayoyin tirela da dama iyakarsu mil 65 a awa, a Kalifoniya kuwa doka ta tsayar da mai jan tirela a 55. Duba taswira da idon mai kaya a baya: hanyar I-70 a Colorado tana haura ƙafa 11,000 a ramin Eisenhower, I-80 a Wyoming kuma iskarta tana kifar da tireloli marasa nauyi. Wanda bai taɓa ja ba ya zaɓi hanya mai shimfiɗa ko da ta fi tsawo, ya tsaya a ma'aunin nauyin mota na kamfanin CAT da ke tashar manyan motoci ta farko ya ga nauyin da ke kan kowane aksil, ya gyara mahaɗin in gaban motar ya yi sama.