Yadda Ake Haɗa Na'urar Auna Zafin Madara Don Kindirmo Ya Kama

A ƙauyenmu da ke yankin Ringim, hunturu ne lokacin asarar masu kindirmo, domin sai a dafa madara da yamma, a zuba mata tsohon kindirmo, a rufe ƙwarya da faifai, amma da asuba a tarar da ita tsararo. Ƙwayoyin halittar da ke sa madara ta kama, musamman idan da yogot na kanti aka haɗa, sun fi aiki idan zafi yana tsakanin digiri 40 da 45 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya sauka sosai aikinsu yakan ja baya, idan kuma aka zuba su madara tana turiri sai su mutu. Innata da ɗan yatsa take gwadawa, kuma ba kasafai take kuskure ba, sai dai yatsa ba ya kwana a cikin ƙwarya.

Abin da ake buƙata shi ne allon Arduino Nano, wato ƙaramin allon lantarki da ake ba umarni daga kwamfuta, da ma'aunin zafi samfurin DS18B20 mai bakin ƙarfe wanda ruwa ba ya shiga, da rasista, wato ɗan abin da ke rage gudun wutar lantarki, mai ƙarfin om 4,700, da ƙaramin gilashin LCD mai layi 2 da gurbin harafi 16 wanda aka maƙala wa I2C a baya, wato ɗan allon da ke haɗa shi da Arduino, sai batirin cajin waya. Ma'aunin yana karanta zafi daga digiri 55 ƙasa da sifili zuwa 125, kuma a tsakanin da ya shafe mu kuskurensa bai wuce rabin digiri ba.

Wayoyinsa uku ne. A yawancinsu ja tana zuwa ƙafar allon da aka rubuta wa 5V, baƙa tana zuwa GND, rawaya kuma, wadda ita ce ke ɗauko saƙo, tana zuwa D2. Rasistar kuwa tsakanin ja da rawaya ake sa ta, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe, domin idan aka manta da ita, ko waya ɗaya ta saki, lambar da za a gani ita ce -127, wadda ma'anarta allon bai ji ma'aunin ba. Gilashin yana ɗaukar wuta daga 5V da GND, sannan a kai ƙafarsa ta SDA zuwa A4 na allon, ta SCL kuma zuwa A5.

Daga nan sai a sauke manhajar Arduino a kwamfuta, a ƙara mata kundayen umarni da ake kira OneWire da DallasTemperature da LiquidCrystal I2C, a buɗe misalin da ake kira Simple, wanda dama lamba 2, wato D2, yake amfani da ita, a ƙara layukan da za su rubuta sakamakon a gilashi, sannan a tura shi cikin allon.

Kafin a kusanci madara, a tsoma bakin ƙarfen cikin kofin da aka cika da fasasshiyar ƙanƙara da ruwa kaɗan, a dama, a jira lambar ta tsaya kusa da sifili. A tafasasshen ruwa kada a sa ran ganin 100, saboda tudun ƙasarmu yana sa ruwa ya tafasa tsakanin 98 da 99.

Wajen aiki, a wanke bakin da sabulu, a ɗauraye da ruwan zafi, a rataye shi a tsakiyar madara ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba. Idan dafaffiyar madara ta huce zuwa 43, sai a zuba tsohon kindirmo, a juye a ƙwarya, a naɗe ta da bargo a ajiye can ƙuryar ɗaki, wayar tana leƙowa ta gefen faifai.

Daren farko na tashi wajen ƙarfe biyu na tarar da gilashin a kashe, ashe batirin cajin irin wanda yake kashe kansa ne idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Saboda haka a gwada batirin da rana na awa biyu tukuna. Da na sauya batirin, na'urar ta nuna mini cewa zafin yakan faɗi ƙasa da 30 tun kafin tsakar dare, shi ya sa yanzu muke jingina jarkar ruwan ɗumi a jikin ƙwaryar kafin mu naɗe bargon.